Zuwa ga ɗana, kafin ka ba da shawarar a tura soja

Ɗana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, ina taya ka murnar wannan aiki da Allah ya ba ka na bayar da shawara kan hulɗa da ƙasashen waje, ina kuma roƙonsa ya sanya maka albarka a ciki. Na karanta takardar da ka aiko mini, wadda ka kafa hujja a cikinta cewa idan gwamnati ta juya bakin bindiga kan mutanenta, wajibi ne ƙasashe masu ƙarfi su shiga da soja su hana ta. Rubutun ya tsaru, kuma na ga tausayin da ya sa ka yi shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ka ƙirga jiragen yaƙi da dakaru da watannin da aikin zai ɗauka da kuɗin da zai ci, amma mutanen da za a yi yaƙin a ƙofar gidajensu ba su samu fiye da layi ɗaya ba, inda ka ce za a yi ƙoƙarin rage asarar rayukan farar hula. A kan wannan layi nake so mu yi magana, domin a ganina shi ya kamata ya cinye rabin takardar.

Da wuya ka sami yaƙin da aka kai wata ƙasa da sunan ceto ko rigakafi wanda ba a yi wa jama'a alƙawarin cewa gajere ne mai sauƙi ba. A ranar 5 ga Fabrairun 2003, sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya zauna a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya yana nuna hotuna, yana tabbatar wa duniya cewa Iraƙi na ɓoye makaman ƙare dangi. A ranar 20 ga Maris aka fara mamayar, cikin makonni uku Bagadaza ta faɗi, sannan a ranar 1 ga Mayu Shugaba George Bush ya yi jawabi a kan wani jirgin ruwan yaƙi, a bayansa an rataya kyalle mai shelar cewa aiki ya kammala. Makaman ba a taɓa samun su ba. A cikin watan Mayun nan ne Paul Bremer, wanda aka ɗora kan mulkin ƙasar, ya sa hannu a umarnin korar manyan 'yan jam'iyyar Ba'ath ta hamɓararren shugaba Saddam Hussein daga aikin gwamnati da kuma umarnin rushe rundunar sojan Iraƙi baki ɗaya. Dubban ɗaruruwan maza da suka iya sarrafa makami suka wayi gari babu aiki, da iyali a gabansu da ɓacin rai a zuciya. Kashe-kashen ɗariƙa tsakanin 'yan Sunni da 'yan Shi'a da suka ɓarke bayan tashin bam a hubbaren Samarra a 2006, da faɗawar birnin Mosul hannun ƙungiyar IS a 2014, duk suna da saiwa a cikin waɗannan watanni. Ƙungiyar Iraq Body Count, wadda ba ta ƙirga kowa sai wanda ta sami shaidar mutuwarsa a rubuce, ta tattara fararen hula fiye da 180,000 da tashin hankali ya kashe. Amurka ta rasa soja kusan 4,500, Birtaniya ta rasa 179. A 2016 kwamitin binciken da Sir John Chilcot ya jagoranta ya bayyana cewa Birtaniya ta shiga yaƙin kafin hanyoyin lumana su ƙare, kuma shirin da aka yi wa bayan yaƙi bai wadatar ba sam. Gaskiya ce mai amfani, amma ta iso bayan shekara 13, kuma babu kabari ɗaya da ta buɗe.

Duk da haka, ɗana, waɗanda harsashi da bam suka kashe su ne ɓangaren da ya fi sauƙin gani, kuma sau da yawa su ne 'yan kaɗan. Yaƙi ya fi yin kisa bayan ƙarar bindiga ta lafa. Idan aka jefa bam a tashar wutar lantarki saboda sojan abokan gaba na amfani da ita, injinan da ke tace ruwa da tura shi cikin gari su ma sai su tsaya, ruwan ƙazanta ya haɗu da na sha, cikin 'yan makonni yara su fara amai da gudawa. Firjin da ake ajiye allurar rigakafi ya mutu, ƙyanda ta dawo. Likita mai takardu da ɗan abin hannu ya kwashe iyalinsa ya tsallaka iyaka, kuma babu mai ganin laifinsa. Gadar da aka karya don a datse wa tankoki hanya, ita ce motar hatsi da ta magani ke bi. Ka kwatanta mace da naƙuda ta taso mata da tsakar dare a garin da aka kafa dokar hana fita: mijinta na tsaye a bakin ƙofa yana auna ko ya fita a harbe su a shingen bincike ko ya zauna yana kallon jini na zuba, har gari ya waye a kan gawa biyu. Babu rahoton soja da zai sa sunanta, babu jaridar da za ta ce yaƙi ne ya kashe ta, alhali kuwa da ba a yi yaƙin ba da ta haihu a asibiti.

Wannan ba zato ba ne. Ƙawancen da Saudiyya ke jagoranta ya shiga yaƙin Yaman a watan Maris na 2015 da tsammanin gama shi cikin ɗan lokaci. Kafin ƙarshen 2017 waɗanda ake zaton sun kamu da kwalara a ƙasar sun kai miliyan 1. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2021 yaƙin ya ci rayuka 377,000, kusan kashi 60 cikin 100 ta hanyar yunwa da cuta da rashin ruwa mai tsabta, kuma mafi yawan mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka, da suka duba yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Afghanistan da Pakistan da Iraƙi da Siriya da Yaman da sauransu, sun ƙirga mutum fiye da 900,000 da aka kashe kai tsaye, amma da suka haɗa da waɗanda suka mutu sakamakon rugujewar asibitoci da tattalin arziki, adadin ya kai kimanin miliyan 4.5, ga kuma mutum miliyan 38 da suka bar gidajensu. Saboda haka duk lokacin da wani hafsa ya ba ka ƙiyasin waɗanda farmaki zai iya kashewa, ka sani lissafin ranar farko ya ba ka, sauran shekarun suna nan tafe.

Za a ce maka zamani ya canza, makaman yanzu ba sa kuskure, jirgi marar matuƙi yana iya bambance mota ɗaya a cikin dubu. Makamin yana iya zuwa daidai inda aka nuna masa, amma mutum ne ke nunawa, kuma mutum na yanke hukunci cikin tsoro da gaggawa da labarin da bai cika ba. A ranar 3 ga Oktoban 2015 jirgin yaƙin Amurka ya yi luguden wuta a kan asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF a garin Kunduz na Afghanistan, duk da cewa ƙungiyar ta riga ta sanar da rundunonin ainihin wurin da asibitin yake. Mutum 42 suka mutu, har da ma'aikatan jinya da marasa lafiyar da suka ƙone a kan gadajensu. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na ranar 29 ga Agustan 2021 a Kabul, kwana uku bayan harin ƙunar baƙin wake a filin jirgin sama. Jirgi marar matuƙi ya yi sa'o'i yana bin wata farar mota, masu kallo daga nesa suka ga direban yana loda wasu abubuwa a ciki, suka yanke cewa bama-bamai ne. Jarkokin ruwa ne, shi kuma ma'aikacin wata ƙungiyar agaji ne da ke komawa gida. Yana shigar da motar tsakar gida yara suka rugo taryarsa, makamin ya sauka a kansu. Mutum 10 'yan gida ɗaya suka mutu, 7 daga cikinsu yara. Ma'aikatar tsaron Amurka ta amsa kuskuren bayan 'yan makonni, kuma ba a hukunta kowa ba. Washegarin harin sojan Amurka na ƙarshe ya bar ƙasar, bayan shekara 20 da mutuwar fararen hula fiye da 46,000 da sojoji da 'yan sandan Afghanistan fiye da 60,000, Taliban ɗin da aka zo kora kuwa tana zaune a fadar Kabul tun ranar 15 ga watan.

Kuma sojan baƙi na iya komawa gida, yaƙin bai bi su ba. Tsakanin 1964 da 1973 Amurka ta zuba wa ƙasar Laos bama-bamai fiye da tan miliyan 2, ciki har da ƙananan bama-bamai kimanin miliyan 270, waɗanda kusan miliyan 80 daga cikinsu ba su fashe ba. Har yau manomi na iya kai sara ƙasa fartanyarsa ta taɓa ɗaya, ko yaro ya tsinci wani ya ɗauka abin wasa ne. Da yawa daga cikin waɗannan mutane ba a ma haife su ba lokacin da aka yanke shawarar.

Misalin da ya fi kusa da hujjarka shi ne Libiya, don haka ina so ka yi masa karatun natsuwa. A watan Maris na 2011 dakarun Mu'ammar Gaddafi sun doshi Benghazi, shi kuma yana furta barazana, duniya ta tsorata. A ranar 17 ga watan Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 wanda ya ba da izinin hana shawagin jirage da kare farar hula, ƙasashe 10 suka amince, 5 suka ƙaurace, wato Rasha da Sin da Jamus da Indiya da Brazil. Tarayyar Afirka ta kawo tsarin tsagaita wuta da tattaunawa, amma bai sami masu goya masa baya ba. Abin da aka fara da sunan kariya ya rikiɗe ya zama kifar da gwamnati, har aka kashe Gaddafi a Sirte a ranar 20 ga Oktoba, ƙungiyar tsaro ta NATO da ta jagoranci hare-haren kuma ta naɗe tabarmarta a ƙarshen watan. Kafin 2014 ta ƙare ƙasar tana da gwamnatoci biyu da ƙungiyoyi masu makamai barkatai, baƙin haure 'yan Afirka suka faɗa hannun masu safarar mutane, har a 2017 duniya ta ga hoton bidiyon ana cinikin mutane kamar a zamanin bauta. Makaman da aka wawashe daga rumbunan soja da mayaƙan da suka baro ƙasar suka tsallaka Sahara, suka ƙara wa tawayen arewacin Mali ƙarfi a 2012, Timbuktu da Gao da Kidal suka faɗi, Faransa ta shigo da nata sojan a Janairun 2013, ta kuma fice a 2022 alhali wutar ta riga ta bazu zuwa maƙwabta. Ɗan ƙauyen da aka ƙone wa rumbu a yankin Sahel bai san lambar ƙudurin ba, amma yana cikin masu biyan bashinsa. A 2016 Shugaba Barack Obama da bakinsa ya ce rashin yin shiri don abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne mafi munin kuskuren mulkinsa, a shekarar kuma wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya ce an zuzuta barazanar da farar hula ke ciki fiye da yadda take. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido. Akwai ma wata asarar da ba a cika ambata ba: daga baya Rasha da Sin sun riƙa kafa hujja da Libiya wajen hawa kujerar naƙi a kan ƙudurorin Siriya, ta haka aka zubar da yardar da Kwamitin ke buƙata a ranar da ake neman ta ido rufe.

Kada ka manta da yaran da za a tura. Yawancinsu ba su kai shekarunka ba, kuma mafi yawa ba 'ya'yan masu zama a teburin shawara ba ne. Tarayyar Sobiyet ta rasa soja kusan 15,000 a Afghanistan tsakanin 1979 da 1989. Binciken Jami'ar Brown na 2021 ya nuna cewa sojan Amurka kimanin 7,000 aka kashe a fagen daga bayan 2001, amma waɗanda suka kashe kansu daga cikin masu aiki da tsofaffin sojan wannan zamani sun haura 30,000. Mutumin da ya harbi motar da ta ƙi tsayawa a shinge, ya leƙa ciki ya ga iyali, yana iya komawa gida babu ƙwarzane a jikinsa amma barci ya ƙaurace masa har abada. Matarsa da 'ya'yansa su ne za su zauna da wannan rauni.

Na san abin da za ka amsa mini, kuma kana da gaskiya a cikinsa. Za ka ce Ruwanda. A 1994 an kashe mutum kimanin 800,000 cikin kwana 100, Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa maimakon ta ƙara dakarun da take da su a ƙasar sai ta rage su zuwa 270, alhali kwamandansu Roméo Dallaire yana roƙon a ƙaro masa. Za ka ce Srebrenica ta ƙasar Bosniya, inda a Yulin 1995 aka kashe maza da samari kimanin 8,000 a garin da Majalisar ta ayyana a matsayin tudun mun tsira. Waɗannan abin kunya ne ga duniya, kuma zama a naɗe hannu shi ma shawara ce da ake biya da rayuka. Ban rubuto don in ce maka babu ranar da ƙarfin soja ke zama dole ba. Amma ka lura da yadda ake amfani da sunan Ruwanda: an fi ambatonsa a lokacin da masu ƙarfi suka riga suka so shiga wata ƙasa saboda wasu dalilai nasu, a inda ba su da wata maslaha kuwa ana kisa su kau da kai. Ka lura kuma cewa abin da Ruwanda ta buƙata shi ne dakarun da za su tsare makarantu da wuraren ibada inda mutane suka fake, wanda ya sha bamban da rushe gwamnati da sojanta da ma'aikatunta a kuma yi fatan alheri ya tsiro a kan kufai. Inda ƙarfi ya yi amfani, galibi burinsa ƙarami ne bayyananne, maƙwabta sun yarda, kuma ƙofar sulhu a buɗe take. A Gambiya a Janairun 2017 dakarun ECOWAS sun tsallaka iyaka bayan Yahya Jammeh ya ƙi sauka duk da ya sha kaye a zaɓe, amma a daidai lokacin shugabannin Gini da Muritaniya suna zaune da shi suna nema masa mafita, ya kuma bar ƙasar a ranar 21 ga watan ba tare da an gwabza yaƙi ba.

Saboda haka abin da nake roƙonka shi ne ka zama mai yin tambayoyin da ɗakin taro ba ya son ji. Idan aka kawo labarin sirri da ake so a gina yaƙi a kansa, ka tambayi wanda ya kawo shi da abin da zai samu idan aka yarda da shi, domin 'yan adawar da ke zaune a ƙasashen waje sun daɗe da sanin irin labarin da manyan ƙasashe ke son ji. Ka tambaya wa zai biya albashin malamai da ma'aikatan ruwa washegarin faɗuwar gwamnati, wa zai tsare rumbunan makamai da gidajen yari, ina mutane za su gudu, kuma wace ƙasa ce ta shirya karɓarsu. Idan babu amsa, to babu shiri, komai kyan taswirar da aka shimfiɗa. Ka koma ka karanta Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya da kanka: sashe na 2 ya hana amfani da ƙarfi kan wata ƙasa, sashe na 51 ya keɓe kare kai, sashe na 33 kuma ya jero hanyoyin da ya kamata a fara bi, irin su tattaunawa da shiga tsakani da sasantawa da zuwa kotu. Ko manufar nan ta alhakin kare al'umma da shugabannin duniya suka amince da ita a 2005 ta ajiye ƙarfin soja ne a ƙarshe, ta hannun Kwamitin Sulhu, bayan hanyoyin lumana sun gaza. Idan aka ce maka an gwada su duka, ka nemi a faɗa maka wa aka tura, yaushe, kuma me aka miƙa wa ɗaya ɓangaren.

Za a yi maka kallon matsoraci, wataƙila ma a ce kana kare azzalumi. A irin wannan zama mai kiran a kai farmaki ne ake gani jarumi, mai cewa a dakata kuwa sai a ɗauke shi mai rauni, alhali dukansu biyu gida za su koma su kwana lafiya. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori sahabbansa da kada su yi burin haɗuwa da abokan gaba, su roƙi Allah lafiya, kuma waɗanda ya faɗa wa haka babu mai tuhumarsu da tsoro.

Ka kuma yi ƙoƙari ka fita daga ofis. Ka nemi izini ka ziyarci sansanin 'yan gudun hijira, ka zauna da ma'aikatan jinyar da suka yi aiki a garin da aka yi wa ƙawanya, ka saurari tsofaffin sojoji ba tare da ka katse su ba. Ka tambayi uwar da ta shekara goma a tanti ajin da ɗanta ya tsaya a makaranta, da abin da yake yi yanzu. Abin da suka faɗa maka ka shigar da shi cikin rahotanninka da lambobi da sunayen garuruwa, a shafin farko, yadda shugaban da zai sa hannu ba zai iya cewa ba a gaya masa ba. Idan bayan duk wannan ka tabbata a zuciyarka cewa barin abin ya fi shiga muni, ka faɗi haka a fili, tare da adadin rayukan da kake zaton shawararka za ta ci da sunan wanda zai ɗauki nauyin ƙasar bayan an gama.

Mahaifiyarka na gaishe ka, tana kuma yi maka addu'a kullum. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara. Allah ya yi maka jagora, ya tsare hannunka daga jinin bayinsa.

Wassalam,
Mahaifinka.